An sa 'yata rawar gargajiya a makarantar Meksiko, in bar ta ta yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Aiki ya kawo maigidana birnin Guadalajara na ƙasar Meksiko, kuma 'yarmu mai shekara takwas tana firamaren gwamnati. Malamarsu ta aiko da takarda cewa ajinsu zai yi rawar jarabe tapatío a bikin 10 ga Mayu, mu tanadi riga da takalma. Mene ne asalin rawar nan, kuma akwai bauta a cikinta?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Hankalinki ya kwanta, domin babu bauta a cikin wannan rawa. Ranar 10 ga Mayu ita ce ranar uwa a Meksiko tun 1922, kuma al'adar makarantun ƙasar ce kowane aji ya shirya rawa ya yi a gaban iyaye mata, saboda haka ke ce ma babbar baƙuwar bikin.

Jarabe tapatío rawar jihar Jalisco ce, inda kuke zaune, kuma kalmar tapatío laƙabin mutanen Guadalajara ne. Shigarta makarantu kuwa ta biyo bayan juyin juya halin da ya ɓarke a 1910. Da ƙura ta lafa, an kafa ma'aikatar ilimi ta ƙasa a 1921 ƙarƙashin José Vasconcelos, wanda ya ga cewa jama'ar da yaƙi ya wargaza, masu harsuna barkatai, suna buƙatar abin da zai haɗa kan 'ya'yansu, sai aka sa koyar da raye-rayen jihohi a makarantu. Shi ya sa yaron Jalisco yake koyon rawar tsofaffi ta mutanen Purépecha na Michoacán, wadda ake yi da sanda da fuskar katako, ko ta Veracruz da ake yi cikin fararen kaya. Darasin tarihin ƙasa ne ake yi da ƙafa. Haka kuma sashe na 3 na tsarin mulkin 1917 ya raba ilimin gwamnati da addini.

Akwai abin da ya kamata ki sani tun da wuri. Rawar tana kwaikwayon neman aure ne, kuma bibbiyu ake yi, namiji da mace. Yaron yana bin yarinyar tana kaucewa, can sai ya jefa malafarsa ƙasa su zagaye ta, ita ta sunkuya ta ɗauka, a ƙarshe su kare fuskokinsu da malafar kamar masu sumba. Ga ƙananan yara yawanci abin bai wuce kama hannu ba, amma idan ranki bai kwanta da shi ba, ki je ki ga malamar da kanki tun kafin a raba abokan rawa, ki roƙi a haɗa ta da 'yar'uwarta mace ko a cire mata wannan ƙarshen. A ganina wannan ya fi a hana ta gaba ɗaya, domin makonni ake yi ana gwaji, kuma yarinyar da ta zo baƙuwa ba za ta ji daɗin zama a gefe tana kallon 'yan ajinsu ba.

Rigar ba za ta ba ki matsala ta fuskar sutura ba. Doguwa ce har idon sawu, mai dogon hannu da rufaffen wuya, an kewaye ta da zirin ƙyalle kala-kala, kuma ƙasanta yana da faɗi sosai domin yarinya ta kama gefe biyu tana kaɗawa kamar fukafukai. Ana samun ta haya, ki tambayi sauran iyaye. Takalman su ne abin kula, domin an buga musu ƙananan ƙusoshi a dunduniya da kan yatsu saboda su yi ƙara idan an buga ƙafa. Ki saye su da wuri ta riƙa sawa a gida har su saki, in ba haka ba za su yi mata kanta ranar biki.

Inda za ki ƙara sa ido shi ne ƙarshen shekara. A farkon Nuwamba makarantu da yawa suna shirya teburin tunawa da matattu, a Disamba kuma ana wasan kwaikwayon haihuwar Annabi Isa, kuma waɗannan suna da tushe a addini ko da makaranta ta kira su al'ada. Idan takardarsu ta zo, ki nemi bayanin rawar da 'yarki za ta taka kafin ki sa hannu.