Amsar Maigida Kan Rufa Tamfol a Motar da Ke da Eriya

Yaro, jiya da la'asar muna cikin yankan tamfol a shago ka tambaye ni ko za a iya jefa tamfol a kan motar da ke da eriya a rufinta a ɗaure kawai, ko kuwa dole sai an huda shi. Ban amsa maka ba a lokacin, domin tambayar ta fama mini wani tsohon miki, kuma ba na magana cikin fushi da almakashi a hannuna.

Eriyar rufi ba iri ɗaya ba ce. Akwai 'yar sandar nan mai zare a gindi, wadda ake murɗawa hagu ta fito. Ita a cire ta a ajiye cikin mota, a rufe ɗan ƙarfen da ya rage da guntun robar tayar keke, domin shi ne ke cin tamfol a hankali kamar gara. Akwai kuma ta motocin zamani mai siffar ƙayar bayan kifi, wadda notinta yake ta ciki, ba ta fita sai an sauke silin, kuma a wasu motocin har wayar GPS, na'urar nuna hanya, tana cikinta. Wannan ba a taɓa ta, aljihu ake ɗinka mata a jikin tamfol ɗin.

Shekaru da dama da suka wuce, a nan Garwa ta ƙasar Kamaru, wani ɗan kasuwar albasa ya kawo mini motarsa ƙirar Toyota, mai doguwar eriya a bayan rufi. Muka yi ciniki a kan sefa 40,000, ya ba da rabi. Na ce masa sai an ƙara 3,000 in yi wa eriyar aljihu mai ninki biyu, ya yi dariya ya ce ashe teloli ma sun koyi cin kuɗin mutane da sunan dabara, ai direbansa zai riƙa kwance ta kowane dare. Na san halin direbobi, na san wanda ya yini a hanyar Marwa ba zai tuna da wata eriya ba, amma na yi shiru saboda ina ganin girmansa. Babu kowa a shagon sai ni da shi, kuma wannan shi ne wautar da na tafka.

Duk tsawon hunturu babu abin da ya faru. Sai ga iskar nan da ke share wa ruwan farko hanya, bayan zafin Maris da Afrilu ya gama gasa tamfol ɗin har ya bushe. Direban ya lanƙwasa eriyar ya ja tamfol a kanta, ya ɗaure igiya ɗaya tak ta gaba. Iska ta shiga ta ƙasa ta kumbura shi, ta yi ta fizgarsa tsawon dare, shi kuma yana fizgar eriyar. Kwanon rufin mota bai kai kaurin milimita 1 ba, saboda haka gindin eriyar ya ɗaga kwanon ya lotsa shi, robar da ke hana ruwa ta goce, ruwa ya bi ramin ya jiƙa silin har ya zana taswira a kansa. Na je na gani da idona: tamfol ya tsage fiye da kamu biyu, kuma gefen ramin fenti ya ɓare har ana ganin farin ƙarfe.

Mutumin nan ya kai ni gaban jauro, wato mai unguwa, ya rantse cewa ban taɓa yi masa maganar eriya ba. Ni da na yi shekaru ina rufe motocin manyan garin nan, aka tsayar da ni kamar ɓarawon akuya. Dattawa suka ce a yi sulhu, kuma sulhun talaka da mai kuɗi ka san inda yake karkata. Na biya mai buga jikin mota da mai fenti sefa 45,000, ragowar 20,000 ɗina kuma har yau ban gan su ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne bayan wata biyu na ga motar a ƙofar gidansa da sabon tamfol na wani tela, da aljihun eriya tsaye a samansa.

Batun awon jikin mota da ɗinkin gefe ba zan ɓata bakina a kansa ba. Wanda ya shekara biyu a shagona bai iya ba, ya je ya nemi achaba. Aljihun ne ke da ilimi. Kada ka auna wurinsa daga tsakiyar yadi, ka auna daga bakin gilashi da kuma gefen rufi dama da hagu, tamfol yana kan motar an ja shi daidai, sannan ka sa alli. Ka yanka ƙaramin rami, ka ninka masa faci sama da ƙasa, ka yi wa cikin aljihun shafi da yadi mai laushi, ka bar sararin yatsu biyu don kada ya riƙe eriyar idan iska ta motsa. Igiya kuma uku ce, gaba da tsakiya da baya, kowace ta bi ta ƙarƙashin mota. Ka kuma gaya wa mai ita kada a rufa a kan ƙurar hunturu, domin ƙura tsakanin tamfol da fenti tana aikin sanfefa.

Ku 'yan yanzu kun ga tamfol na kanti da ake kawowa daga Sin, mai roba a baki, wanda aka ce yana shiga kowace mota, kuna zaton sana'ar ke nan, kuma rabin hankalinku yana cikin waya ko da alli yana hannunku. Gobe da ƙarfe 8 za a kawo Hilux mai eriyar bayan kifi, kai za ka hau ka auna. Kafin ka sa alli, ka kira mai motar da direbansa da maƙwabcinmu mai faci, ka faɗi kuɗin aljihun a gabansu da ƙarfi, ka rubuta shi a littafi.