Ku Tambayi Injiniya: Me ya sa magudanan Legas ba sa kwashe ruwa?

Tambaya: Injiniya, ina sayar da albasa a kasuwar Mile 12. Duk shekara ana yashe magudanai, ana faɗaɗa su, amma da an yi ruwa mai ƙarfi sai titi ya koma kogi. Kuɗin ake cinyewa, ko aikin ne ba a iya ba? Daga wani mai karatu a Legas.

Amsa: Alhaji, ba zan wanke kowa ba. Amma ko an kashe kowane kwabo inda ya dace, faɗin magudana kaɗai ba zai fisshe ku ba.

A Kano ruwa gangare yake bi ya wuce. A Legas kuwa magudanai suna juyewa ne a babban tafkin nan da ke haɗe da teku. Idan ruwan sama ya sauka daidai lokacin da teku ta tumbatsa, bakin magudanar kansa nutsewa yake yi. Sai ruwa ya tsaya cik, wani zubin ma ya juyo da baya ya ɓullo ta kwatar ƙofar gida. Ga shi tekun duniya ta hau da kusan santimita 20 tun 1900. Kamar ba yawa, amma a unguwannin Lekki da Ikoyi, inda ƙasa ke dab da ruwa, santimita 20 ba wasa ba ne.

Ku mutanen Mile 12 naku ya fi haka: in aka saki ruwan madatsar Oyan, Kogin Ogun kan kawo muku shi ko ba hadari a sama.

Abin da nake so a sa a gaba shi ne inda ruwa zai zauna ya jira teku ta ja baya. A Rotterdam ta ƙasar Holan, a 2013 aka buɗe wani fili mai zurfi inda yara ke buga ƙwallo. In an yi ruwa ya cika, daga baya a sake shi a hankali. Legas tana da nata kyauta, wato fadamu, sai dai ana ta cike su da yashi ana kafa gidaje.

Bakin manyan magudanai kuma na bukatar ƙofa mai barin ruwa ya fita ya hana na teku shigowa, da injin da zai tura shi waje in ƙofar na rufe. Injin nan sai da wuta, don haka a tanadi janareta da mai tun kafin damina.

Shara kuwa da hannunmu a ciki. Gwamnatin jihar ta haramta robar zuba abinci ta soso a Janairun 2024, amma leƙa kwatar bayan rumfarka ka ga ledar ruwa da ruɓaɓɓiyar albasar da ke kwance ciki.