Faifan ajiyar kwamfutata yana ƙara, in sayi manhajar ceto?

Tambaya: Malam, ina da ofishin hidimar alhazai a Jidda. Faifan ajiyar kwamfutata ya fara ƙas-ƙas, fayiloli sun ƙi buɗuwa, ga takardun masu umara duk a ciki. Manhajar ceto bayanai za ta fisshe ni?

Amsa: Alhaji, kashe kwamfutar nan tukuna. Irin wannan ƙara yawanci alama ce hannun da ke karanta bayanai ya lalace. Faifan yana juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti, duk kunnawar da ka yi yana iya kankare inda takardunka suke. Ba manhajar da ke gyara wannan. Kai shi wurin ƙwararrun da ke da ɗakin da ƙura ba ta shiga, kada mai gyaran kasuwa ya kwance murfinsa.

Manhajojin ceto irin su Recuva da PhotoRec suna amfani ne in goge fayil aka yi, faifan kuma lafiya lau. Nan ma kada a sauke su a kan faifan da abin ya ɓace, don sabon abu yakan hau kan tsohon. A SSD kuwa, wato ma'ajiyar da ba ta da faifai mai juyawa, tsarin TRIM yakan share abin da aka goge, da wuya ya dawo.

In Allah Ya sa takardun sun dawo, ka riƙa ajiye kwafi uku a ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wani wuri da ba ofis ba. Manhajar Clonezilla kyauta ce, tana kwafe faifai sukutum. Zare faifan waje bayan kwafi, kada ka bar shi a mota cikin zafin Jidda, kuma duk wata ka gwada dawo da fayil ɗaya.