Lokaci ke cinye ni, ba kwamfuta ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina buga wasan ces (darar Turawa) da kwamfuta a manhajar Lichess, galibi bayan isha'i in na huta daga aikin gona. Ina zaɓar 5+0. Sau tari ni ke kan gaba, har in ci mata doki, sai lokacina ya ƙare a ba ta wasan. Ita kuwa nata agogon da kyar yake motsi. Ina gyaran yake?
Mai karatu daga yankin Ringim, Jigawa

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Gyaran yana cikin lambobin nan biyu da ka zaɓa. Ta farko mintocin da aka ba ka ne na wasan gaba ɗaya, ta biyu kuma sakan nawa za a ƙara maka duk lokacin da ka yi taku. A 5+0 sakan 300 gare ka, babu ƙari. In wasan ya kai taku 40, kowane taku ya tashi a sakan bakwai da rabi ke nan.

Da mutum kake bugawa, da ka riƙa tunani yayin da shi ma yake nasa. Kwamfuta ba ta yi maka wannan alfarma, kafin ƙiftawar ido ta amsa, agogonka ya ci gaba da zuba. Ga kuma wani tarkon: hannu yana bin saurinta. Sai ka fyaɗa taku goma sha biyar babu lissafi, ka wayi gari sarauniyarka ta maƙale, sannan ka ƙona minti biyu wajen neman mafita.

Koma 15+10. Sakan 900 a raba wa taku 40, a haɗa da ƙarin goman nan, kana da kusan sakan 32 a kowane taku. Wannan tsarin ƙarin lokaci ana danganta shi da gwanin ces Bobby Fischer na Amurka, da tsarin aka buga karawarsa da wani gwanin, Boris Spassky, a 1992. Amfaninsa a ƙarshen wasa yake fitowa, don ko sakan biyar ya rage maka, kana taku za a ƙara goma.

Taku goman farko kada su ci fiye da minti biyu, fito da 'ya'ya ne kawai da killace sarki. A taku na 20 ka leƙa agogo, in ya gaza minti bakwai to ka yi ɓarna, sai ka ƙara sauri. Dogon tunani ka ajiye shi don wurin da ya cancanta: in za a yi musayar 'ya'ya, in an matsa wa sarkinka, ko in ta bar maka ɗa kamar kyauta. Kwamfutar tana da matakan ƙarfi, na ƙasa da gangan suke kuskure, saboda haka kyautar tana iya zama ta gaskiya, amma ka ƙirga masu tsaron gidan da ɗan yake tukuna. Ko a nan kada ka wuce minti biyu. Kuma duk ta yi taku, ɗauke yatsa daga fuskar wayar, ka tambayi kanka me take hari.

Tambaya: Malam, sabis yana yawan ɗaukewa a ƙauyenmu, ko kira ya shigo ina tsakiyar wasa. Agogon yana jira na?
Mai karatu daga Dambatta, Kano

Amsa: Ba ya jira, muddin ta intanet ake wasan. Nemi manhajar da ke buga wasa da kwamfuta ba tare da data ba, ko ka zaɓi wasa marar iyakar lokaci, ka auna kanka da agogon hannu. Sai dai injin da ke lissafi a cikin wayar yana shan batir, musamman a manyan matakai, don haka kada ka soma 15+10 da ragowar cajin jiya. In kuwa lokacinka ya ƙare alhali sarki kaɗai ya rage mata, ba ta ci ka ba, kunnen doki aka yi.