Tambayi Likita: Baba ya fara jan ƙafa, ko gigin tsufa ne ke tafe?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifinmu shekararsa 74. Da shi ke riga kowa zuwa masallacin bakin layinmu, yanzu sai an tayar da iƙama yake isa. Yana jan ƙafa, takunsa ya gajarce. Kwanan nan kuma sai ya yi tambaya, a ba shi amsa, can an jima ya sake yin ta. Yayyena sun ce tsufa ne kawai. Shin akwai alaƙa tsakanin ƙafa da mantuwa? Daga wata 'yar'uwa a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri da kika sa ido. Akwai alaƙa, kuma mai ƙarfi. Ƙafa ce ke taka ƙasa, amma ƙwaƙwalwa ce ke tsara takun, ta auna nisa, ta riƙe mutum kada ya karkace. Sashen gaban ƙwaƙwalwa da ke wannan aiki shi ne kuma ke kula da natsuwa da tsara al'amura. Shi ya sa a wasu tsofaffin tafiya ke fara lalacewa shekaru kafin iyali su farga da mantuwa. A 2013 wani likita a Amurka mai suna Joe Verghese da abokan aikinsa suka bayyana haɗuwar waɗannan abubuwa biyu, wato sanyin tafiya da ƙorafin mantuwa, a matsayin gargaɗi na musamman. Binciken da ya biyo baya a ƙasashe da dama ya nuna masu alamun biyu a haɗe sun kusa ninka sauran tsofaffi wajen yiwuwar kamuwa da cutar mantuwa.

Ga abin da za ki gwada a tsakar gida. Ki zaunar da Baba a kujera mai ƙwari, ki ja layi a ƙasa nisan mita 3 daga kujerar. Ya tashi, ya je layin, ya juyo, ya dawo ya zauna, ke kuma kina duba agogon waya, wani yana kusa da shi don kada ya faɗi. In ya kai sakan 12 ko fiye, yana cikin haɗarin faɗuwa, kuma ya kamata likita ya duba shi. Sannan wata rana ki jera da shi, ki jefa masa tambaya, misali sunayen jikokinsa. In sai ya tsaya cak kafin ya iya amsawa, ki riƙe wannan ki gaya wa likita.

Kada dai ki yanke hukunci daga gida. Ciwon gwiwa, ciwon baya, ƙarancin jini, ciwon zuciya, da mutuwar jijiyoyin ƙafa a masu ciwon suga duk suna rage tafiya. Ni kam in aka kawo mini dattijo irin Baba, hawan jini nake fara nema. Shekaru na hawan jinin da ba a kula da shi ba yana toshe ƙananan jijiyoyin jini a cikin ƙwaƙwalwa ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ɓarin jiki ya shanye an gani ba, sai dai tafiya ta yi nauyi, tunani ya yi nauyi. Wannan kuwa ana iya rage masa gudu in aka kama shi da wuri. Maganar yayyenki ta tsufa ina jin ta kullum, kuma tana damuna, domin da ita ake jinkirta zuwa asibiti har lokacin da za a iya taimakawa ya wuce.

Tambaya: Likita, kakata tana ramewa, zannuwanta sun yi mata yawa, alhali ba ta kukan ciwon komai. Rannan miya ta ƙone a gabanta ba ta ji ƙauri ba. Daga Maraɗi.

Amsa: Duka biyun abin lura ne. Jijiyoyin jin ƙanshi suna cikin wuraren da cutar Alzaima (wani nau'in cutar mantuwa) da cutar Fakinsin (mai kawo rawar jiki da nauyin motsi) ke fara taɓawa, kodayake mura mai daɗewa, toshewar hanci da cutar korona ma suna ɗauke jin ƙanshi. Rama kuma an ga tana rigayar mantuwa, har a nan Afirka ta Yamma: a binciken da aka soma a farkon shekarun 1990 tsakanin tsofaffin Ibadan da baƙaƙen fata na Indiyanafolis a Amurka, Farfesa Adesola Ogunniyi da abokansa sun ga tsofaffin Yarbawan da daga baya suka kamu da cutar sun fi sauran raguwar nauyi tun kafin a gano ta.

Amma rama a tsohuwa tana da wasu dalilai da ya wajaba a fara kawar da su: tarin fuka, ciwon suga, ciwon daji, haƙoran da suka zube, ko damuwar da ke biyo bayan rasuwar miji. A riƙa auna nauyinta duk wata. Mai kilo 60 in ta rasa kilo 3 cikin wata 6 zuwa shekara ba da niyya ba, asibiti ya kama. Ku kuma daina aika mata kwano ɗaki kuna ɗauka ta ci. Wani ya zauna ya ci tare da ita, ya ga ko taunawa ce ke mata wuya, ko ƙwarewa take yi, ko kuwa mantawa take ba ta ci ba. In da gas kuke girki, kada a bar ta ita kaɗai a kicin, tunda ba za ta ji warinsa ba in ya tsiyaya.

Tambaya: Baffana ya faɗi a banɗaki wata biyu da suka wuce, ya tashi lafiya lau. Yanzu ya ruɗe, yana yawan barci, fitsari na kubce masa. Dangi sun ce sammu ne. Daga Azare.

Amsa: Ku kai shi asibiti yau, kada ku jira gobe. Tsoho in ya bugu a kai, ko da bugun bai taka kara ya karya ba, jini na iya taruwa a hankali tsakanin ƙoƙon kai da ƙwaƙwalwa, sai bayan makonni alamun su fito. Hoton kai na siti sikan ke nuna shi, kuma aikin fitar da jinin yakan dawo da mutum hayyacinsa. Akwai kuma wata larura da ruwa ke taruwa a cikin ƙwaƙwalwa, wadda ke zuwa da abu uku: ƙafa kamar an manne ta da ƙasa, kubcewar fitsari, da mantuwa. Ita ma ana yi mata aikin tiyata. Gigin tsufa na gaskiya a hankali yake shigowa, cikin watanni da shekaru. Ruɗewar da ta zo cikin kwanaki ko makonni ciwo ne na gaggawa. Ku yi masa addu'a a hanyar asibitin.

Tambaya: Maigidana shekararsa 66. Cikin barci yana ihu, yana kai naushi, har ya taɓa faɗowa daga gado. Da safe ya ce mafarkin faɗa yake yi. Hannunsa na dama kuma ya fara rawa in yana zaune. Mai kyamis ya ba mu maganin barci. Mu ci gaba da shi? Daga Zariya.

Amsa: Hajiya, ku je ga likita ba tare da jinkiri ba, kuma in bai daɗe da fara maganin ba, kada ya ƙara shan ko ƙwaya ɗaya. A ƙa'ida, lokacin da mutum ke mafarki ƙwaƙwalwa tana sassauta gaɓoɓinsa don kada ya aikata abin da yake gani. In wannan tsari ya lalace a mutumin da ya manyanta, sau da yawa yana zama farkon cutar Fakinsin ko wani nau'in ciwon mantuwa da ake kira na Lewy, wani lokaci da tazarar shekara 10 ko fiye. Rawar hannun da kika ambata ta ƙara mini ƙarfin zargin. Ki lura ko yana fama da taurin bayan gida, ko rubutunsa ya ƙanƙance, ko ɓalla maɓallin riga ya fara gagararsa. Magungunan barci irin su baliyam da firiton suna ƙara wa tsofaffi ruɗewa da faɗuwa, masu ciwon Lewy kuma wasu magungunan taɓin hankali na iya yi musu mummunar illa. In ya daɗe yana shan na kyamis ɗin, likita ne zai tsara yadda za a janye shi a hankali. Tunda kuna Zariya, ku nemi likitan jijiyoyi da ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Shika, ki tafi da ledar duk magungunan da yake sha, har da na gargajiya. Kafin nan a sauke katifa ƙasa, a ɗauke duk abu mai kaifi daga gefen shimfiɗa.

Tambaya: Innarmu ba ta ji sosai, ta daina zuwa biki da suna, ta fi son zama ita kaɗai. Shi ma alama ce? Daga Kumasi.

Amsa: Yana iya zama alama, yana kuma iya zama sanadi. Kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet, a rahotonsa na 2024, ya lissafa abubuwa 14 da in aka magance su za a iya hanawa ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na cutar mantuwa, kuma raunin ji da raunin gani da kaɗaici duk suna ciki. Wanda ba ya jin hira yakan janye daga mutane, ƙwaƙwalwarsa ta rasa abin da ke motsa ta. Sau da yawa ma ana ɗora wa tsohuwa mantuwa alhali tun farko ba ta ji abin da aka faɗa ba. A fara leƙa kunnen, domin dattin kunne da ya daskare kaɗai yana iya toshe ji, kuma wanke shi aikin 'yan mintuna ne a asibiti. In ba shi ba ne, a yi mata gwajin ji, a duba ko na'urar ƙara ji za ta yi mata amfani. A duba idonta ma ko akwai yana. In za ku yi mata magana ku fuskance ta, ku kashe rediyo, ku yi a hankali ba tare da ɗaga murya ba, sannan ranar biki wata jika ta zo ta ɗauke ta su tafi tare.