Makin Tsananin Cutar Hanta da Batun Dashe: Amsoshin Likita daga Gombe

Tambaya: Likita, hantar mahaifinmu ta ƙandare sakamakon ciwon hanta nau'in B. Mun aika sakamakon gwajinsa wani asibiti a Indiya, suka ce makinsa na MELD 24 ne. Ke nan ko an yi masa dashe ba zai tashi ba? Daga wata baiwar Allah a Kumo.

Amsa: Allah Ya ba Baba lafiya, 'yar uwa. Lambar ba haka take nufi ba. MELD ma'auni ne na tsananin cutar hanta. Likitocin asibitin Mayo da ke Amurka ne suka fito da shi, kuma tun shekarar 2002 ake amfani da shi a ƙasar wajen tantance wanda za a fara ba hanta a cikin masu jira. Ana lissafa shi daga gwajin jini: bilirubin mai sa ido ya yi ɗorawa, kiriyatinin mai nuna aikin ƙoda, da saurin daskarewar jini, sannan a 2016 aka ƙara gishirin sodiyam. Makin yana farawa daga 6 ya tsaya a 40.

Abin da yake hasashe da kyau shi ne haɗarin rasuwa cikin kwana 90 idan ba a yi dashen ba. Abin da zai biyo bayan dashe kuwa, hasashensa a kai mai rauni ne, domin hantar da aka auna ita ce za a cire. Daga nan magana ta koma kan shekarun majiyyaci, ƙarfin zuciyarsa da ƙodarsa, ko yana iya tashi ya yi alwala da kansa ko sai an tallabe shi, da lafiyar hantar da aka ba shi. A manyan cibiyoyin dashe, kusan tara cikin goma suna wuce shekarar farko. Saboda haka 24 na gaya muku ku hanzarta ne, kada ku karaya.

Tambaya: A katin yayana na ga an rubuta Child-Pugh C. Shi ma MELD ɗin ne? Daga wani mai karatu a Bajoga.

Amsa: A'a, wannan wani ma'aunin tsananin cutar hanta ne daban da ya girme shi, tun 1964 aka fara shi, aka gyara shi a 1973. Yana duba abubuwa biyar: bilirubin, sinadarin albumin da hanta ke samarwa a jini, daskarewar jini, taruwar ruwa a ciki, da ruɗewar hankali. Rukunin C shi ne maki 10 zuwa 15, wato cutar ta yi nisa. Ku sa ido a kan barcinsa, domin canjin barci na iya zama alamar ruɗewar hankalin. Idan ya koma yin barci da rana yana kwana ido biyu, ko hannunsa na karkarwa in ya miƙa shi, ku kai shi asibiti a ranar.

Tambaya: Makin matata na MELD 11 ne, ina shirin sayar da gonata mu tafi Masar. Me kake gani? Daga wani magidanci a Dukku.

Amsa: Malam, ka dakata da cinikin gonar tukuna. Na sha ganin iyali sun shigo ofishina da takardun fili a hannu alhali ba a kai ga wannan matakin ba, kuma abin yana taɓa ni. Ga wanda makinsa bai kai 15 ba, sau da yawa haɗarin aikin yakan fi na zama da hantarsa a kan magani. Idan ƙwayar cutar nau'in B ce sila, maganin tenofobir da ake sha kullum yana danne ta, har wasu hantarsu ta farfaɗo makinsu ya sauka.

Sai dai akwai inda makin ke ɓoye gaskiya. Mai kansar hanta yana iya samun ƙaramin maki alhali yana buƙatar dashe, kuma ƙa'idar Milan ta 1996, wadda ake bi wajen zaɓen mai kansar da za a yi wa dashe, ta fi amincewa da ƙari ɗaya da bai wuce santimita 5 ba, ko waɗanda ba su wuce uku ba, kowanne bai haura santimita 3 ba. Haka ma wadda ke yawan aman jini ko ruwa ke dawo mata a ciki, tana iya buƙatar dashe ko da makinta ƙarami ne. Ka kai matarka ga likitan hanta a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, a riƙa yi mata hoton ciki duk wata shida, ta daina shan kowane jiƙo da ba a san abin da ke cikinsa ba, kai da yaran kuma ku yi gwajin nau'in B, wanda bai kamu ba a yi masa rigakafi.