Ƙwallo da Dariya a Zangon Kumasi: Amsa Ga Yayana Na Bauchi

Yaya, ina gaisuwa. Da fatan kana lafiya, da iyali da duk mutanen gida.

Lokacin da na zo biki Bauchi ka yi mini wata tambaya, hayaniyar jama'a ba ta bari na ba ka amsa yadda ya kamata ba. Ka ce abin da ke ɗaure maka kai game da mu mutanen zangon Kumasi shi ne yadda dattijo da furfurarsa zai rufe shago ya tafi filin ƙwallo, da yadda muke raba dare muna shan shayi muna ƙyaƙyata dariya. Ka ce a nan gida gidan kallo na samari ne, kuma wanda ke baƙunta ai neman abin kai wa baki ya kamata ya sa a gaba.

Da farko dai, mu ba ci-rani muke yi ba. Kakanmu, wanda kai ma kakanka ne, fataucin goro ya kai shi ƙasar Asante, ya zauna, ya yi aure, can aka binne shi. A unguwar Aboabo ta Kumasi aka haifi mahaifina, a nan aka haife ni, 'ya'yana kuma suna jin Tuwi, harshen Asantawa, kamar yadda suke jin Hausa. Duk da haka, ɗan zango bai taɓa rabuwa da tambayar "asalinku daga ina?" ba. Dattawanmu ba su manta da 1969 ba, shekarar da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar Gana. An kwashi mutane a manyan motoci, ciki har da waɗanda ba su san wata ƙasa ba sai wadda aka haife su a cikinta. Gidaje sun rabu, an sayar da dukiya a wulaƙance. Kai da kake zaune a garin ubanka, ka je Wunti ka dawo babu mai tambayarka takarda, ba lallai ka san nauyin wannan abu ba.

To, a filin ƙwallo ne aka fara daina yi mana wannan tambayar. Babban filin wasa na Kumasi, inda ƙungiyar Asante Kotoko ke karɓar baƙi, sunan Baba Yara yake ɗauke da shi. Sunansa na yanka Usman Seidu, Musulmi ne haifaffen Kumasi, ɗan wasan gefe da aka yi ittifaƙi ba a yi kamarsa ba a zamaninsa. Haɗarin mota ya nakasa shi a 1963 yana tsakiyar tashe, ya rasu a 1969, wato shekarar da aka yi korar. Ka duba wannan: a birnin Asantehene, wato sarkin Asantawa, a ƙungiyar da Asantawa ke ɗauka tamkar gadon gidansu tun 1935, sunan da ke kan filin irin namu ne. Bayansa aka yi Ibrahim Sunday, wanda ya zama gwarzon ɗan wasan Afirka a 1971, da Abdul Razak da ya samu wannan kambu a 1978, shekarar da Gana ta ci kofin Afirka a gida. A Akra kuma unguwar Nima ta fitar da Mohammed Polo na Hearts of Oak, yau ga Mohammed Kudus, shi ma ɗan Nima, wanda ya zura wa Koriya ta Kudu ƙwallo biyu a gasar cin kofin duniya ta 2022 a Ƙatar. Ranar, mutumin da jiya yake kiran yaran zango 'yan iska shi ne ya fito titi yana ihun sunan ɗan zango.

Shi ya sa dattijonmu ba ya jin kunyar zuwa fili. In Kotoko ta ci, Ba'asante ɗan kasuwa zai rungume shi bai tambayi sunansa ba, gobe kuma in sun haɗu a kasuwar Kejetia cinikin ya fi sauƙi. Akwai ma ƙungiyar King Faisal ta Alhaji Karim Grusah, wadda yaran zango da yawa suka bi ta cikinta suka samu abin yi. Uba a wajenmu yana kallon ƙwallo da ido biyu, na nishaɗi da na neman mafita ga yaron da boko bai karɓe shi ba. Ba na cewa wannan lissafin daidai ne kullum, domin kan kowane Kudus guda akwai tarin yara da suka bar makaranta suka tashi a tutar babu. Amma ka san dalilin da ya sa ake yinsa.

Kuma Yaya, kada ka ce abin baƙo ne a gare ku. Da Wikki Tourists ta ɗauko kofin ƙalubale a 1998, samari kaɗai ne suka yi murna a Bauchi? In ana wasa da Gombe United, filin Abubakar Tafawa Balewa ba ya rasa masu furfura. Ɗan Adam yana son abin da ba a san ƙarshensa ba sai an busa, yana son ya ga ƙaramin gari ya kayar da babba, yana son minti casa'in da zai manta da bashi da kuɗin makaranta. Wannan duk ɗaya muke. Abin da ya ƙaru a kanmu shi ne neman wurin zama a cikin mutane.

Maganar dariya kuwa ta fi kusa da zuciyata. Zango ba Hausawa zalla ba ne. Akwai Mosawa, Zabarmawa, Dagwamba, Kotokoli, Wangarawa, Fulani, Barebari, Yarbawa, duk a layi ɗaya, bango ɗaya, famfo ɗaya, Hausa ce ta haɗa mu. Mutane masu yawa haka a matsattsen wuri, in babu wasa, faɗa za a yi ta yi. Wasan dangin da kakanni suka zo da shi yana nan da ransa: Bafulatani da Babarbare, Bakano da Bazazzagi, Bagobiri da Bayarabe. Yaron da bai taɓa taka Kano ba zai tare tsoho ɗan asalin Zariya ya zolaye shi, tsohon ya rama, kowa ya watse yana dariya. Mun kuma tarar da mutanen arewacin Gana da irin nasu. Frafra da Dagaaba abokan wasa ne, har wasannin sada zumunci suke shiryawa a tsakaninsu, ana tsokanar juna a kan kan kare. Na sha ganin rigimar da ta kusa kai wa ga 'yan sanda, wani abokin wasa ya shigo ya jefa magana ɗaya, wuta ta mutu. Abin da sarkin unguwa zai kwana yana sasantawa, barkwanci ya gama shi kafin shayi ya huce.

Majalisar shayin da ka ga kamar zaman banza, a nan ake jin wa ke neman aiki, wa aka kwantar a asibiti, gidan wa za a kai gudummawa. Dariyar ce ke tara mutane, in sun taru sai a yi maganar da ta kawo su.

Sai finafinan barkwanci na Kano. Ku a wajenku abin kashe lokaci ne, wasu malamai ma suna ƙyamarsu. Mu kuwa Hausarmu ta sha ruwan Tuwi da Turanci, har ta kai yaranmu ba sa bambance "ya zo" da "ta zo". Lokacin da kaset ɗin marigayi Rabilu Musa Ibro suka fara shigowa, a ɗaki ɗaya za ka ga kaka da jika suna kallo. Jika ya ji karin magana bai gane ba, ya juya ya tambayi kaka, ita kuma ta fassara masa, daga nan ta zarce da labarin garinsu. Da ya rasu a Disambar 2014, an yi jimami a zango kamar ɗan unguwa ne ya tafi. Yaranmu suna dariya da barkwancin Asantawa su ma, su Agya Koo, kuma ban hana su ba. Amma idan yaro ya yi dariya a daidai inda Bahaushe zai yi dariya, ba tare da an yi masa bayani ba, na san harshen bai kuɓuce masa ba tukuna.

Inda nake tare da kai ɗari bisa ɗari shi ne caca. Shagunan cacar ƙwallo sun cika unguwanninmu, yanzu ma ta koma cikin waya, yaro yana ɗaki yana ƙona kuɗin uwarsa babu wanda ya sani. Wanda ya sa kuɗi a kan wasa ba kallo yake yi ba, zullumi yake yi, kuma na ga yadda hakan ke kai yara ga sata da ƙwaya. Limamanmu suna faɗa a huɗuba, mu ma muna faɗa a majalisa. Haka nan mun san ƙwallo tana iya cin rai. Ranar 9 ga Mayu, 2001, a wasan Hearts da Kotoko a Akra, aka harba barkonon tsohuwa cikin 'yan kallo, ƙofofi a rufe, mutum sama da 120 suka mutu a turmutsutsu, cikinsu da samarin zango. Akwai gidajen da har yau ba a kunna wasa a cikinsu, kuma babu mai ganin laifinsu.

Ka kuma tambaye ni, kana murmushi, wa muke goya wa baya in Gana ta haɗu da Najeriya. A Maris ɗin 2022 aka yi canjaras babu ci a filin Baba Yara, aka je Abuja aka tashi ɗaya da ɗaya, ƙwallon Thomas Partey ta kai Gana Ƙatar. A gidanmu, gwaggo da wasu tsofaffi biyu Najeriya suka yi wa addu'a, suka ce ba za su juya wa ƙasar iyayensu baya ba. Ni da yara Black Stars muka bi, kuma da aka tashi mun fita titi tare da maƙwabtanmu Asantawa. Washegari na je gaishe da gwaggo, ta ƙi amsa mini sai da na yi alkawarin kawo ta Bauchi ta ga dangi. Bayan babbar salla mai zuwa zan cika alkawarin, don haka ka sa a gyara mata ɗaki, kuma ka gaya wa Inna muna tafe.

Ka gaishe da kowa da kowa.

Ƙaninka, daga Aboabo, Kumasi.